Lafiyar masu renon yara a wurin aiki: abinci, ruwa da motsa jiki

Kullum ana yi mana bayani a kan abincin yara: a ba su nono zalla har wata 6, a ƙara musu kunu mai haɗi, a kai su awo da rigakafi. Duk wannan daidai ne. Sai dai akwai wadda ba a cika tunawa da ita ba, wato matar da muke miƙa wa yaran tun da safe mu tafi harkokinmu. Ita me ta ci? Ta sha ruwa? Ta samu ta zauna ko na minti goma? Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga bayani a kan abin da jikin mai reno ke buƙata a wurin aiki, da abin da makaranta, iyaye da ƴan uwa za su iya yi a kai.

Su wa ake nufi da masu renon yara?

Ana nufin duk wanda aikinsa shi ne kula da ƙananan yara da ba su isa shiga lakwal ba. A cikinsu akwai malaman makarantun ƙananan yara da muke ce wa jardan, na gwamnati da masu zaman kansu, da na jardan ɗin al'umma da ake buɗewa a ƙauyuka. Akwai mataimakansu masu wanke yara da share aji, akwai masu dafa abinci, akwai matan da ke riƙe yara a gidajen reno a birane irin su Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa yayin da uwaye ke wurin aiki ko kasuwa. Dokar tsarin ilimi ta Nijar ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta sanya karatun ƙananan yara cikin matakan ilimin ƙasa. Ke nan aiki ne sosai, ba taimakon maƙwabtaka ba. Akasarin masu yin sa mata ne, shi ya sa za ku ji muna cewa "ita", amma bayanin ya shafi maza ma.

Abin da aikin ke yi wa jiki

Wanda bai taɓa yini da yara talatin ko arba'in ba zai ɗauka wasa ne. Yaro ɗan shekara 3 yana kai kimanin kilo 14. Mai reno tana ɗaga irin wannan nauyi sau da yawa a yini, tana sunkuyawa ta ɗaura takalmi, ta goge hanci, ta zauna kan ƴar kujerar da aka yi don yara. Tana ɗaga murya tun safe. Tana cikin masu tari da mura da gudawa. Ga zafin Maris zuwa Mayu da kan wuce digiri 40, sau da yawa a ƙarƙashin rufin kwano ko rumfar zana, ga ƙurar hunturu.

Babbar matsalar kuma ita ce lokaci. Ba a barin ƙananan yara su kaɗai, don haka idan babu mai canjin ta, mai reno ba ta da damar cin abinci a zaune, wani lokaci ko ban ɗaki ba ta iya zuwa. Wasu har rage shan ruwa suke yi da gangan don kada fitsari ya dame su. Abin da ya sauƙaƙa shi ake ci a tsaye: fanke, biskit, burodi da shayi mai zaƙi, lemon kwalba. Wata kuma ba ta sa komai a bakinta sai ta koma gida, inda girki da daka ke jiran ta.

Matsalar ba iri ɗaya ba ce ko'ina. A birni an fi fama da ƙiba, hawan jini da ciwon sukari, saboda mai da zaƙi sun yi yawa, tafiya kuma ta koma ta kabu-kabu. A ƙauye, matar da ta yi daka, ta ja ruwa, ta ɗauko itace kafin ta zo aji ba motsa jiki ta rasa ba. Abin da ta rasa shi ne isasshen abinci mai gina jiki da hutu, musamman daga Yuni zuwa Agusta da rumbuna suka yi ƙasa. Saboda haka shawarar da za a ba ta daban ce da ta ƴar birni.

Me ya sa wannan ya shafi yaranmu?

Dalili na farko, mai reno da ke jin yunwa ko jiri ba ta da haƙuri da lura irin na wadda ta ƙoshi. Ƙaramin yaro kuwa cikin ƙiftawar ido yake kai hannu wuta ko ya fice ƙofa. Na biyu, idan ta kwanta ciwo, a wurare da yawa ajin rufewa yake, uwaye su rasa inda za su kai yara. Na uku, yara da ido suke koyo. Idan suka ga madam tana cin kwaɗon zogale tana shan ruwa, su ma za su miƙa hannu. Idan kullum lemon kwalba suke gani a hannunta, shi za su je gida suna yi wa kuka.

Abinci: rukuni 5 cikin 10

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da wani ma'auni mai sauƙi ga mata ƴan shekara 15 zuwa 49. An kasa abinci rukuni 10, ana so mace ta ci aƙalla daga rukuni 5 a cikin yini da dare ɗaya. Ga su da abincinmu na gida:

1. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali fari.
2. Wake da gujiya.
3. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi.
4. Nono, kindirmo, cuku.
5. Nama, kaza, zabo, hanta, kifi ɗanye ko busasshe.
6. Ƙwai.
7. Ganye mai duhun kore: zogale, kuka, rama, yakuwa, lalo, tafasa, alayyafo.
8. Kayan lambu da ƴaƴan itace masu launin ja-ja ko rawaya a ciki: karas, kabewa, mangwaro nunanne, gwanda, dankali mai jan ciki.
9. Sauran kayan lambu: tumatir, albasa, kuɓewa, kabeji, yalo.
10. Sauran ƴaƴan itace: lemu, gwaiba, ayaba, kankana, magarya, kanya.

Kun ga ba sai an je babban kanti ba. Wadda ta sha fura da nono da safe ta samu rukuni 2. Idan da rana ta ci kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, ta ƙara 3, sun zama 5. Da dare tuwo da miyar kuka da ɗan wake ko busasshen kifi, ta wuce ma'auni. Kuma kayan nan namu ne: zogalen Jiratawa da fadamun Gulbin Maraɗi, albasar Galmi, kayan lambun Mirya, kifin Madarunfa da na Tabalak.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da ƴaƴan itace a rana. A sauƙaƙe, kamar cikin tafin hannu sau 5. Dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi.

Ƙarancin jini ya yi yawa tsakanin mata a ƙasarmu, kuma shi ke kawo kasala, jiri da haki da mutane kan ɗora wa aiki. Hanta, nama, kifi, wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Abu mai tsami irin lemu, gwaiba, tumatir ɗanye ko garin ƴaƴan kuka yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi da kofi kuwa suna tare shi, don haka a ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin cin abinci da shan shayi. Mai ciki ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci a kan wanda ta saba, kamar ƙarin ci ɗaya a yini.

Gishiri, sukari da mai

Gishiri: OMS ta ce kada ya kai giram 5 a rana ga babban mutum, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, haɗe da wanda ke cikin miya, burodi da komai. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke tayar da jini, don haka mai hawan jini ta yi hankali da kunun kanwa da wake mai kanwa da yawa. Idan aka sa magi, a rage gishiri. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano. Gishirin da za a saya kuma ya zama mai sinadarin aidin, don kariya daga maƙoƙo.

Sukari: iyakar da aka bayar ita ce kimanin giram 50 a rana, kuma rabin haka ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya tana kai kimanin giram 5. Lemon kwalba ko na gwangwani mai santilita 33 yana iya ɗaukar giram 35, ƙwaya 7 ke nan a zama ɗaya. A ƙara da na shayin safe, na kunu, na zoɓo, sai a ga an wuce iyaka kafin azahar. Ba a ce a daina rana ɗaya ba. Mai sa ƙwaya 4 ta koma 3, bayan mako biyu ta koma 2, harshe yana sabawa.

Mai: a rage soye-soye, a daina maimaita man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi. Gyaɗa, dafaffen ƙwai, dafaffen wake, dabino kaɗan ko gwaiba sun fi fanke riƙe ciki a tsakiyar aiki.

Ruwa da zafi

Kada a jira ƙishirwa. A ajiye randa mai murfi da moɗa mai hannu a cikin aji ko bakin ƙofa, ta manya daban ko tare da ta yara, a sha duk lokacin da aka shayar da su. Idan ruwan rijiya ne ko na tafki, a tafasa ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce launin fitsari: idan ya yi fari-fari, ruwa ya isa, idan ya yi ja ko duhu, jiki na neman ƙari. Riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna jawo ciwon mara da ciwon mafitsara ga mata.

A watannin zafi a mayar da wasannin tsalle da guje-guje zuwa sanyin safiya, a ƙarƙashin inuwa. A lokacin azumi, mai reno ta sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, ta ci abin da ke daɗewa a ciki kamar fura, wake da tuwo, kada ta cika ciki da zaƙi da soye-soye kawai. Mai ciwon sukari ko mai shan maganin hawan jini ta ga likita kafin azumi don a daidaita mata lokacin magani.

Motsa jiki: gajiya daban, motsa jini daban

Da yawa za su ce, ni da nake yini a tsaye, wane motsa jiki kuma? To, tsayuwa da sunkuyo suna gajiyar da baya da ƙafa, amma ba sa sa zuciya aiki yadda ake so. A shawarwarin da OMS ta fitar a 2020, babban mutum na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai matsakaicin ƙarfi, da kwana 2 na abin da ke ƙarfafa tsoka. Minti 150 shi ne minti 30 a rana, kwana 5. Ba dole ne a yi shi a jere ba, minti 5 nan, minti 10 can, duk ana lissafawa. Yadda za ki gane kin kai matsakaicin ƙarfi: numfashi ya ɗan ƙaru, kina iya magana amma waƙa ba ta fita daidai.

A nan aikin reno yana da wata dama da ma'aikacin ofis ba shi da ita. OMS ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar minti 180 na motsi a yini, minti 60 daga ciki mai ƙarfi, kuma kada a zaunar da shi wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere. Ke nan idan mai reno ta shiga cikin wasan maimakon ta zauna tana kallo, ita da yaran sun samu rabonsu lokaci ɗaya. Gaɗa da tafi, tsallen igiya, langa, wasan ɓuya, kwaikwayon tafiyar raƙumi ko tsallen kwaɗo, zagaya fili da sauri: babu wanda ke cin ko dala. Ƴar birni kuma tana iya sauka daga kabu-kabu kafin a iso makaranta ta ƙarasa da ƙafa, ko abokan aiki su haɗu su taka tare bayan an tashi.

Mai ciki da ba ta da wata matsala ana so ta ci gaba da motsi, amma ta bi shawarar ungozoma. Wadda ta daɗe ba ta motsa ba, ko mai ciwon zuciya, ta fara a hankali. Ita kuwa ƴar ƙauye mai daka da jan ruwa, abin da za a nema mata shi ne ta zauna ta huta, ta ci ta ƙoshi.

Kare baya da gwiwa

In za ki ɗauki yaro, ki matso kusa da shi, ki lanƙwasa gwiwa, bayanki a miƙe, ki rungumo shi jikinki sannan ki tashi da ƙarfin ƙafafu. Kada ki murɗa ƙugu da yaro a hannu, ki juya da ƙafa. Yaron da ke iya tafiya a riƙe masa hannu ya hau da kansa. In za ki yi masa magana, durƙuso ya fi sunkuyo. Kowane aji ya samu kujerar babba aƙalla ɗaya. Takalmi marar tsini ya fi dacewa da wannan aiki.

Nasiha kaɗai ba ta isa

Akwai darasi daga Amurka. Masu bincike na jami'ar jihar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill sun gwada wani shiri mai suna CARE a gidajen renon yara na jihar. Tsawon wata 6 ana ba ma'aikata bayanai, ana ƙarfafa musu gwiwa su riƙa motsa jiki, aka kwatanta su da wasu da aka koya wa tattalin kuɗi kawai. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna motsa jikin rukunin farko bai ƙaru fiye da na ɗayan ba. Abin lura a nan shi ne, a can ma masu wannan aiki mata ne masu ƙaramin albashi da ƙarancin lokaci. Idan albashi bai kai ba, babu mai canji, babu lokacin hutu, to takarda a bango ba ta sauya komai. Gyaran yana cikin tsarin wurin aiki.

Abin da makaranta za ta iya tsarawa

Shugabar makaranta, kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata ta AME su ne masu wuƙa da nama a nan. Ga abubuwan da ba su fi ƙarfinsu ba:

Hutun cin abinci na minti 20 zuwa 30 ga kowace ma'aikaciya, a rubuce cikin jadawali, ana karɓa-karɓa. Inda malama ɗaya ce tak, uwaye su riƙa zuwa bi da bi suna riƙe mata aji na wannan ɗan lokaci.

Tukunya ɗaya. Misali, ma'aikata 6 kowace ta ba da dala ashirin a rana, 600 ke nan, a kwana 5 jika uku. Da wannan ana iya sayen wake, ganye da ƙuli-ƙuli a dafa tare. Tsarin asusu ba baƙo ba ne gare mu: ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi suka fara a 1991 kafin su bazu zuwa ƙasashe da dama.

Inda ake dafa wa yara, manya su zauna su ci tare da su, abinci iri ɗaya.

Ɗan lambu a harabar makaranta. Zogale yana saurin girma, cikin ƴan watanni ake fara tsinkar ganye, kuma ruwan wanke hannu marar sabulu da yawa yana iya shayar da shi.

Ruwan sha, sabulu, da ban ɗaki mai ƙofa na manya.

Rage tallan alewa da lemon leda a bakin ƙofa, a ƙarfafa masu kawo gyaɗa, dafaffen ƙwai da ƴaƴan itace.

Barin marar lafiya ta je asibiti ba tare da tsoron rasa aikinta ba. Mai tari da zazzaɓi da ta daure ta zo, yaran za ta shafa wa.

Dokar aiki ta Nijar ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, kuma bayan ta dawo tana da damar hutun shayarwa da ya kai awa ɗaya a ranar aiki. Masu makarantu masu zaman kansu su san da wannan, ma'aikata ma su sani.

Awo da alamomin haɗari

Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya shekaru da shi bai sani ba. A auna aƙalla sau ɗaya a shekara a CSI mafi kusa. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama, wanda ma'aikatan lafiyarmu kan ce 14 da 9, kuma aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to sai a bi magani. Sukarin jini kafin a karya, idan ya kai giram 1,26 a lita a awo biyu, ciwon sukari ne. Kwamitin makaranta na iya roƙon ma'aikacin lafiya ya zo a farkon shekarar karatu a watan Oktoba ya auna kowa.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan aka ga: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu ɓangare ɗaya, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji da haki, suma cikin zafi, ko zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya. Ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba dalili, ko fari a tafin hannu da cikin ido tare da kasala, su ma a je a duba cikin kwanakin nan. A guji sayen maganin ƙarin ƙiba ko na rage ƙiba a hannun ƴan talla.

Ga iyaye da ƴan uwa na waje

Iyaye, ku biya kuɗin wata a kan lokaci, domin a wurare da yawa daga nan ne alawus ɗin malama ke fita. Ku zo ɗaukar yara a kan lokaci, kowane jinkiri daga lokacin cin abincinta da hutunta ake cire shi. Lokacin kaka, tiya ɗaya ta wake ko gyaɗa daga kowane gida tana iya riƙe tukunyar makaranta wata da watanni.

Ku kuma ƴan uwa da ke Najeriya, Gana, Abijan, Libiya, Aljeriya ko Turai, da yawa cikin matan nan ƙannenku ne, matanku ne, ko su ke riƙe da ƴaƴanku. In kun tashi yi wa gari alheri, ku tuna da jardan: na'urar awon jini mai batir, manyan randuna ko tankin ruwa, kujerun manya, rumfa mai inuwa, waya ta kewaye lambu, ko alawus ɗin mataimakiya ɗaya da za ta riƙa canjin malama. In kun bugo waya kuna tambayar ko yaro ya fara ƙirga, ku tambayi lafiyar madam ɗinsa, ku ji ko tana samun lokacin cin abinci. Idan amsar a'a ce, to wannan ita ce maganar da za a fara kai wa taron kwamiti na gaba.